Ɗanyen Lalle a Hannun Saratu

Duk yarinyar da aka kawo mini koyon lalle, tambayarta ta farko ɗaya ce, sai ka ce sun haɗa baki a hanya: "Inna Kulu, minti nawa aka bari kahin a wanke?" Ba ta tambayi inda ake samo ganye ba, ba ta tambayi kwaɓi ba, turmin da ke gabanta ko kallo bai ishe ta ba. Wanki take tambaya. Nan take raina ke ɓaci, don na san abin da ke zuciyarta. Ta ɗauka sana'ar zane ce kawai, ki zana fure, ki hura masa iska, ki naɗe tabarmarki. To zane shi ne mafi sauƙi a cikinta. Aikin yana wajen hana babbar mace, mai 'ya'ya da tukunya a kan wuta, taɓa ruwa.

Abin dariyar kuma, ni da nake zaunar da mutane ban iya zama ba. Tun ina ƙarama a Gummi ake ce mini mai ƙaiƙayin ƙafa. Ko yanzu da gwiwa ta fara ba ni labari, in na ɗaura wa mace ƙunshi ba na zama kusa da ita. In leƙa madafi, in gyara igiyar shanya, in kori kaji, in dawo in duba ta, in sake fita. Maigidana tela ne a Bukkuyum, mutumin da zai wuni a kan keke bai motsa ba, kuma shi da bakinsa ya ba ni izinin zuwa bukukuwa a wasu garuruwa. Ya ce gara in je in taka ƙasar wasu, ta gidansa ta gaji da ni.

A hannun Gwaggo Tumba, yayar babana, na koya, kuma na daɗe a wurinta ban taɓa hannun kowa ba. Aikina ganye. In tafi bakin fadama inda aka yi shinge da lalle, in tsinko, ƙaya tana yagar yatsuna. In shanya a inuwa, don rana tana cinye masa ƙarfi. In daka, in tankaɗe da rariya, in sake tacewa da tsohon ɗankwali har garin ya yi laushi. Gwaggo ta murza tsakanin yatsunta, in ta ji tsaki ko ɗaya sai ta turo mini ƙwaryar da ƙafa. Kwaɓi kuwa da ruwan ɗumi da lemun tsami, a rufe shi ya kwana. Kayan aikinta duka ba su cika ƙaramin kwando ba: ƙwarya, tsummoki, ganyen zurma na naɗi, guntun kara na kankarewa, sai zunguru, doguwar ƙwaryar nan da ake zura hannu a ciki don kada lallen ya goge ko ya bushe. Ku da kuka taso da leda ba ku san shi ba. Nata guda ɗaya ne ya rage, ya yi baƙi don tsufa, shi ta bar mini da ta rasu.

Ban taɓa jin Gwaggo ta faɗi awa ko minti ba. Ba ta da agogo, kuma ko tana da shi ba zai amfane ta ba, don fata ba ɗaya ba ce. Tafin mai daka da sussuka yana kamawa da wuri, ya yi ja har ya doshi baƙi. Na matar da ake yi wa aiki sai an yi ta lallashi. Bayan hannu ya fi ko'ina taurin kai. Abin da Gwaggo ke saurara shi ne bakin mai ƙunshin. Da farko za ta ce sanyi take ji. Can sai ta ce ɗumi. Can kuma sai ta fara mutsu-mutsu tana cewa ƙaiƙayi ya dame ta, a cire. To a nan ne ku kuke cirewa, a nan ne kuma lallen ya fara aiki. Gwaggo takan buɗe ɗan gefe wajen gindin ƙaramin yatsa ta kankara da farce. In ta ga ruwan goro mai haske, sai ta mayar ta ɗaure, ta ce, "Ɗanye na. Zamna." In ja ya zauna, sai a kwance, a kankare da kara, a shafa man gyaɗa. Kankarewa na ce, ban ce wanki ba. Ko a lokacin bai gama ba, don lalle bayan an cire shi yake ƙarasa nuna, yau ja, gobe ja wur, jibi ya yi duhu kamar dabino. Sabulu da ruwa a wunin farko su ne ke tsayar da shi inda suka same shi.

Amma mu nan mace ba ta wuni ba ta taɓa ruwa ba, tunda akwai salla. Wannan ne abin da ba a koya muku. Mai ƙunshin rana da asuba take farawa. Ta kama ruwa, ta yi alwala mai kyau, ta yi salla, sannan ta miƙo mini hannu da alwalarta a jiki, ta riƙe ta. Daga asuba zuwa azahar shi ne fili mafi tsawo da rana ke ba mu. Ba ta cika ciki da koko, ba ta kwankwaɗar ruwa, ba ta yin barci mai nauyi. In an kankare sai ta yi azahar da alwalar safe, ruwa bai ga lallen ba sai la'asar, shi ma a shafa a hankali. Wanka da wanke-wanke sai gobe. Masu dabara kuwa sukan jira kwanakin da suke fashin salla su aiko a kira ni. Su ne ba na faɗa da su.

Aikina na farko ni kaɗai, na wata maƙwabciyarmu ne mai goyo. Na yi mata kwaɓi mai kyau, na naɗe, na ɗaure, ina ta jin kaina. Hantsi bai gama ɗagawa ba jaririn ya ɓata jikinsa, babu kowa a gidan, ta fizge tsumman da haƙori ta wanke ɗanta. Washegari ta bi gida-gida tana nuna hannu, wai lallen Kulu ba ya kamu. Na yi kuka don haushi. Gwaggo ta ce laifina ne, ban tambaya ba. Tun daga ranar, kafin in buɗe ƙwaryar kwaɓi sai na ji wa zai riƙe miki yaro, wa zai tuƙa tuwo, wa zai sosa miki baya in ya yi ƙaiƙayi. In babu amsa, na ɗauki kwandona.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in salatif ya shigo. A wurin wata 'yar Nijar da ta sauka Gummi na ga ana manna shi a faranti, a yanka siri-siri da reza, a jera a hannu, a shafe da lalle, in an ɓare sai zane ya fito. Gwaggo ta ce wasan yara ne, ni kuwa na koya, kuma ya karɓe ni. Shekarun nan ban san zaman gida ba. Yau ina Gummi, jibi Anka, in dawo Bukkuyum in tarar matan Filani suna jirana da ƙwaryar nono da man shanu. Su ma sai mun daidaita da tatsa, don ba a gaya wa saniya ta jira lalle ya nuna. Na hau a-kori-kura, na hau bayan buhunan gero, na ƙetare ruwa da kwando a ka. Salatif ya canza zane, amma bai taɓa jira ba, shi ya sa ban ji tsoronsa ba.

Dayis ne ya karya ni. Baƙin nan da ake rina gashi da shi, wasu 'yan mata suka zo da shi daga birni, suna kwaɓawa suna zana fure da tsinke a bayan hannu. Kafin ki gama gaisawa da mutanen gida ya bushe, a wanke nan take, ga shi baƙi ƙirin. Babu zunguru, babu riƙon alwala, babu tsohuwa mai faɗa. Wa zai zo wurina? Babbar Sallar shekarar na yi kwaɓi cikin babbar ƙwarya kamar yadda na saba, na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarmi. Tsofaffi biyu suka zo. Na wuni ina kai da komo tsakanin zaure da madafi, ko motsin akuya na ji sai na leƙa. Ragowar kwaɓin a ƙafata ya ƙare, na yi ta maimaitawa har ta yi baƙi. Na gwada dayis ɗin a wuyan hannuna don kada a ce hassada ce, wurin ya yi mini zafi ya tashi, na zubar da shi a masai. Amma in faɗi gaskiya, yawancin masu yin sa ba ya yi musu komai, shi ya sa ya zauna. Shekarar nan ƙuli-ƙuli na koma yi, kuma ban iya ba.

Ana cikin haka, da damina, gab da azumi lokacin da ake rige-rigen aurar da 'yan mata, wata mata daga Anka mai suna Hassi ta aiko a kira ni. Na yi mamaki, don Anka ba ta rasa masu ƙunshi ba. Na kuma yi murna, na ce ga ranar da zan tuna wa mutanen Anka yadda jan lalle yake. Na ɗauki garina mafi kyau da zungurun Gwaggo, na isa da yamma.

Hassi ba ta bari na sha ruwa ba ta ja ni ɗakin ƙurya. 'Yarta Saratu ce amaryar, jibi za a ɗaura mata aure da wani mai gyaran injin niƙa, ɗan Nasarawa Burkullu, wanda ita da shi suka daɗe suna son juna. Tana tsaye a tsakar ɗakin, hannuwanta cikin hijabi.

"Nuna mata," in ji uwar.

Ta fito da su. Bayan hannuwan duka biyu, daga yatsu har wuyan hannu, tabo ne fari-fari, dabbare-dabbare. Dayis ta yi da Babbar Salla, ya tashi ya yi ruwa, ya warke ya bar mata wannan. A ɗan hasken ɗakin ba ka ganin komai sai fari a kan baƙar fata, irin farin da ke sa tsofaffi su janye ƙwaryar shansu. Wata ta hango shi a wurin ɗiban ruwa, magana ta fita, har ta kai Nasarawa Burkullu cewa 'yar Hassi kuturta ce ke fito mata. Su Hassi suka aika cewa ƙunar dayis ce, aka ce ai kowa na yin dayis, don me ita kaɗai? Tun daga nan Saratu ba ta ƙara fita ba, kuma ba ta ƙara fito da hannu a gaban kowa ba.

"Kulu, ki ruhwa muna asiri," in ji Hassi. "Shi ya sa ban kira ta gari ba. Ki yi mata ja har wuyan hannu, wanda ba a ganin komi."

Na juya hannun, na latsa, na ce zai yiwu, amma sai an ba shi lokacinsa cif. Ba salatif, ba zane, shafe za a yi irin na dā. Ƙunshin rana gobe daga asuba zuwa azahar, a maimaita bayan lisha ya kwana, kafin a kai ta ya yi duhun da zai haɗiye farin. Na gargaɗe su da abu guda: lallen da aka wanke yana ɗanye ya fi rashin lalle muni, don farar fata ta fi saurin ɗauka, za ta yi haske ta fito fili fiye da yadda take. Na yi kwaɓina na rufe.

Da asuba Saratu ta yi alwala ta yi salla, na shafe mata ƙafafu da hannuwa. Hannun dama na zura a zunguru, na hagu na naɗe da ganye da tsumma na sa leda. Ban taɓa haɗuwa da wadda ta kai ni rashin zama ba sai yarinyar nan. Yarinyar da ta saba zaga gari da tallan uwarta, an kulle ta wata da watanni. Ƙafa tana rawa, ido yana ƙofa. "Inna Kulu, bai yi ba?" Na ce ko sanyin bai sake ki ba. Na fita na zaga na dawo. "Inna Kulu, yanzu hwa?" Na ce in kika sake tambaya sai na ɗaure bakin shi ma. Ta yi dariya, ta ce, "Ke ma ai ba ki zamna ba." Na ji yarinyar ta shiga raina.

Hantsi ya ɗaga, dangi sun fara cika gida, sai muka ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofa. Wata dattijuwa ta yi sallama, taɓo har ƙwaurinta. Hajiya Ige ce, yayar uban ango. Hassi ta rikice, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Hajiya ta amsa gaisuwa a tsaye.

"Hassi, ba zama ya kawo ni ba. Magana munka ji, kuma ƙanena ya ce ba a shahwa hwatiha sai na gani da idona. Ga hadari bisa, in rahi ya kawo ba mu ƙetarewa. Hiddo man da yarinya."

"Hajiya, tana cikin ƙunshi."

"Na sani. Shi ya sa niy yi sammako. In na bari sai gobe, ja za ni ishewa, ban san abin da ke ƙarƙashi ba."

Ni ban san lokacin da na tsaya a bakin ƙofar ɗakin ba, na tare ta da jikina. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, lallen ga ɗanye na. In anka sa mashi ruwa yanzu an kashe shi. Ki dakata azahar, in kankare, ki duba."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ta mai lallen? To ke aikinki ruhewa, ban ga laihinki ba. Ni ba ja niz zo gani ba, hwata niz zo gani. A wanke da sabulu, ko in koma in ce an hana ni."

Kowa ya san abin da hakan ke nufi. In ta koma da wannan maganar, babu aure, kuma babu wanda zai sake tako gidan nan neman Saratu. In kuma aka wanke, na san abin da zai fito, ni na faɗa da bakina jiya. Mai kabu-kabu yana ta matsa oda a waje, iska ta fara kaɗa zanen da ke kan igiya. Hassi ta kama bango tana salati.

Sai muryar Saratu daga bayana. "Inna Kulu, kauce."

Na waiga. Ta rarrafo da gwiwa da gwiwar hannu, don ƙafafun a ɗaure suke, zunguru yana bugun ƙasa. Ta zauna a bakin ƙofa ta miƙo mini na hagu.

"Kwance man wanga."

Na ce, "Ke, ba ki san abin da kika yi ba."

"Na sani. Na gaji da ɓoyo, Inna Kulu. Tun Salla hannuna bai ga rana ba. In za su hwasa, su hwasa yau, in huta."

Uwar ta ce, "Saratu!" Ba ta ko kalle ta ba.

Ni na ɗaura, don haka ban bar kowa ya kwance ba. Na warware tsumman, na ɓare ganyen, kwaɓin yana nan jiƙe shar, ƙamshinsa bai ko juya ba. Na ɗauki buta na zuba da hannuna. Tunda na fara sana'a ban taɓa zuba wa ɗanyen lalle ruwa ba sai ranar. Hajiya ta miƙo sabulu, na goga, na ɗauraye, ruwan kore yana bin ƙasa.

Abin da na faɗa shi ya faru. Baƙar fatar ba ta ɗauki komai ba tukuna, farar kuwa ta sha, ta yi ruwan goro mai haske, ta fito raɗau. Hassi ta rufe fuska da gyale. Amma da hannun ya fito tsakar gida cikin haske, sai na ga abin da ban gani ba jiya a ɗaki. Ba dabbare ba ne. Fure ne a tsakiyar bayan hannun, da kunnuwansa a zagaye. Ga reshe ya lanƙwasa ya nufi wuyan hannu, ga ganyaye a jere, ga ɗige-ɗige a kan kowane yatsa. Har inda tsinken mai zanen ya goce ta gyara, yana nan. Duk inda dayis ya bi da Salla, ɗanyen lallen ya bi shi ya fito da shi.

Hajiya Ige ta tsuguna ta kama hannun. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta bi reshen da yatsa har ƙarshe. Ta daɗe. Sannan ta zare tsinke daga tsintsiyar da ke gefe ta soka a tsakiyar furen. Saratu ta yi ƙara ta fizge.

"Kin ji?"

"Wallahi na ji, Hajiya!"

Hajiya ta jefar da tsinken. "Wanga hure na. Na ga masu ciwon da anka hwaɗi, na yi jinyar wata a gidanmu. Ba shi zana hure, kuma ba shi jin tsinke." Ta juya ga Hassi. "Ke kuma da kin aiko ta da hannunta buɗe tun hwarko, da ban sha taɓon ga ba."

Wata a cikin dangi ta rangaɗa guɗa, Hassi ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Ni ban tsaya murna ba, na jawo ƙwaryar kwaɓi, don in aka mayar nan da nan ana iya ceto wani abu. Hajiya ta riƙe mini hannu.

"A'a. Kada ki maida mashi."

Na ce, "Hajiya, amarya ta. Haka za ta tahi?"

"Haka nika son a kawo ta. Ni ɗaya nig gani, matan garinmu ba su gani ba. In kin ruhe shi, sai su ce an saye bakina, kuma maganar ba ta mutuwa har ta haihu. Bari kowa ta kama hannun ga ta duba." Ta nuna zunguru da haɓa. "Wancan ki yi mashi yadda kika so."

Ta yi sallama ta hau kabu-kabunta, ba a jima ba ruwa ya sauko.

Gaskiyarta, na sani tun a lokacin. Amma abin ya yi mini ciwo, kuma ba zan ɓoye ba. A shekarar da na rasa masu zuwa, buki guda da aka kira ni, amaryata za ta fita da hannu ɗaya ɗanye, kuma ba zan bi mutane ina yi musu bayani ba, don asirin ba nawa ba ne. Na huce a kan hannun dama. Na tsare shi kamar mai gadi, ban bar ta ko jingina shi ba, sai da aka kira azahar na kwance na kankare na shafa mai, ta yi salla da alwalarta ta asuba. Bayan lisha na maimaita. Ranar da aka kai ta, hannun dama da ƙafafu sun yi duhun da ban taɓa samun irinsa ba, na hagu kuwa ga fure ruwan goro a fili, ko hijabi ba ta sa masa ba. Ina jin matan Anka suna cewa Kulu ta tsufa, rabin aiki take yi. Na haɗiye, na ɗauki kwandona na koma Bukkuyum. An daɗe ba a sake kirana Anka ba.

Masu zuwa sun dawo daga baya, a hankali, musamman waɗanda dayis ya taɓa ƙona wa wani nasu. Ba su dawo duka ba, kuma ga ku nan kuna tambayata minti. Amsata ita ce ta Gwaggo: ki buɗe gefe ki duba, in ɗanye ne ki mayar, in ya nuna ki kankare, ruwa kuma sai salla ta tilasta.

Saratu kuwa, da ta yi haihuwar fari ta aiko daga Nasarawa Burkullu in zo in yi mata ƙunshin suna. Na sha hanya, na isa duk jikina ƙura. Farin ya riga ya baje, sai ka ƙura ido kake ganin inuwar furen. Da asuba ta yi wankan jego, ta miƙa jaririn ga Hajiya Ige, wadda ta zo musamman don ta riƙe shi. Na ɗauko zunguru zan kama hannun dama kamar yadda na saba, sai ta janye shi ta miƙo mini na hagu.

"Wanga za ki sa ciki, Inna Kulu. Ida aikinki."

Na shafe shi har wuyan hannu, na zura, na ɗaure. Ta jingina da bango ta miƙe ƙafa, daga asuba har aka kira azahar ba ta tambaye ni ko sau ɗaya ba. Ni ce na yi ta zaga gidan mutane, ina dawowa ina leƙa gindin ƙaramin yatsa, har ta ce, "Inna Kulu, zamna. Ɗanye na."